Shekara uku da rabi ba ruwa a bashin karatu: abin da na gane a makare

Ni nas ce a Amurka, kuma da bashi na yi karatun nan kamar yawancin waɗanda muka gama tare. Mutanen gida na ɗauka duk wanda ya shigo ƙasar nan gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, wallahi ba haka bane, ko bashin ma ba kowa ake ba ba, wanda yazo da bizar karatu baya samun na gwamnatin tarayya, sai ɗan ƙasa ko mai girin kad da makamantansu. Ni sai da takarduna suka fito na cike fom ɗin FAFSA, wato na neman tallafi da bashin karatu na gwamnatin tarayya, aka bani. Abin da yafi damuna tun farko kuɗin ruwa ne, kullum ta Allah yana hawa ko kina barci, kuma duk sanda Hajiyarmu ta tambayeni a waya "yanzu bashin nan da ruwa kike biya?" sai naji nauyi a ƙirjina don nasan me take nufi.

Ranar 13 ga Maris 2020 Trump ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda korona, a ranar yace an tsayar da ruwan bashin ɗalibai. Ranar 27 ga watan ya sa hannu a dokar CARES da majalisa ta yi, aka dakatar da biya gaba ɗaya har ƙarshen Satumba, ruwa ya koma sifili, waɗanda suka kasa biya a baya aka daina yankar albashinsu da riƙe musu rarar haraji. Gaskiya a lokacin ban karanta ko layi ɗaya ba. Muna dutin dare, wodi ya cika, ana jera mutane a injin numfashi, in na dawo gida a bakin ƙofa nake tuɓe kaya kafin yara su taɓani. Kawai dai naga wata ya ƙare ba a cire min kuɗi a akawun ba nace Alhamdulillah na wuce. Daga nan aka yi ta ƙara wa'adi, Trump ya ƙara, Biden ya zo ya yi ta ƙarawa, har abu ya kai Satumba 2023.

Abu na farko da ya buɗe min ido wata abokiyar aikina ce, 'yar zangon Kumasi, ta girmeni sosai Anti muke ce mata. Muna shan shayi wajen ƙarfe uku na dare nace Anti kema kin huta da biya ko, tace wace hutawa ƙanwata, ai ni kowane wata suna cira. Ashe a 2019 ta maida bashinta wajen wani banki mai zaman kansa don an rage mata ruwa kaɗan, daga ranar ya tashi daga bashin gwamnati, sassaucin bai shafeta ba ko na kwana ɗaya. Akwai kuma masu tsohon bashin nan da ake kira FFEL, sunansa na gwamnati ne amma wasu a hannun 'yan kasuwa yake, suma ba a haɗa dasu ba. Aikinmu ɗaya, haɗarin da muke shiga ɗaya, amma abin da ya rabamu shine waye ke riƙe da takardar bashin. Ranar na fara shiga shafin ma'aikatar ilimi na duba sunan nawa, naga Direct, wato bashin da ke hannun gwamnati kai tsaye, hankalina ya kwanta, kuma nan na tsaya, ban ƙara karanta komai ba. Wannan tsayawar ita ta cuceni.

Akwai wani tsari tun 2007, PSLF, wanda in kana aiki cikakken lokaci a ma'aikatar gwamnati ko wurin da ba na neman riba ba, ka biya sau 120 wato shekara goma, sai a yafe maka ragowar. Asibitin da nake a lokacin yana cikin irin waɗannan. To dokar ta ce duk watannin da aka dakatar da biya za a lissafa su kamar ka biya, ko sisi baka bayar ba, muddin kana wurin aikin da ya cancanta. Kenan kowane wata kyauta ake rubuta min ɗaya cikin 120 ni ban ma sani ba. A 2021 nas ta yi tsada, kamfanonin da ke tura ma'aikata kwantiragi jiha jiha suna biyan kuɗin da bamu taɓa gani ba, na gaji kuma gida ana buƙata, sai na ajiye aikina na bi ɗaya daga cikinsu. Kamfanin na neman riba ne, shi ke biyana ba asibitocin da yake turani ba, don haka sama da shekara guda da nayi a can ko wata ɗaya bai shiga lissafi ba.

Hanya biyu ce a gabana lokacin, ko in zauna inda nake watanni su yi ta taruwa, ko in tafi in kwashi kuɗin in zuba a uwar bashin tunda ba ruwa, duk dalar da ka biya kai tsaye take rage shi in dai ka share tsohon ruwan da ya taru. Ga wadda riba ke hana barci irina wannan dama ce da ban taɓa samu ba, shekara uku da rabi bashi tsaye cak. Ban bi ko ɗaya ba. Wani kaso na kuɗin ya tafi gida, jinyar Baba da kuɗin makarantar ƙanne, wannan bana nadamarsa ko kaɗan, ko yau aka dawo haka zan yi. Amma akwai wanda na ajiye kawai ina jira, saboda ko'ina maganar da ake yi kenan, kar ki biya za a yafe.

Kuma an yi alƙawarin. Ranar 24 ga Agusta 2022 Biden ya sanar za a yafe har dala 10,000 ga mai samun ƙasa da dala 125,000 a shekara, wanda ya taɓa karɓar tallafin Pell na marasa ƙarfi kuma har 20,000. Na taɓa karɓar Pell. A Oktoba fom ya fito, minti biyar bai kai ba na cike a waya, mutum wajen miliyan 26 suka nema aka amince da miliyan 16, ina cikinsu, imel ɗin yana nan har yau, ya ce an amince amma magana na kotu. Ni kalmar an amince na gani, ta kotun ban ɗauketa da nauyi ba. Ranar 30 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta soke shirin, alƙalai 6 da 3. Gwamnati ta dogara ne da wata doka ta 2003 mai suna HEROES da aka yi lokacin yaƙe-yaƙen bayan harin 11 ga Satumba, wadda ta ba sakataren ilimi ikon sassauta sharuɗɗa in an shiga dokar ta-ɓaci, kotu tace sassautawa daban, share bashin kimanin dala biliyan 400 daban, wannan sai majalisa.

Sai a lokacin na gane bambancin abin da majalisa ta rubuta doka da abin da shugaba ya sanar a talabijin. A wodi ba zan taɓa ba mara lafiya magani don naji ana cewa likita zai rubuta ba, sai naga oda a rubuce, amma a kuɗina na yi aiki da ji-ta-ji-ta na kusan shekara biyu.

Bana cikin masu cewa gwamnati bata yi komai ba. Dakatarwar nan ta riƙe gidaje da yawa, mutum sama da miliyan 40 ke da wannan bashi, na ga masu goge-goge da mataimakan nas da kuɗin nan ne ya hana a koresu daga haya lokacin da mazajensu suka rasa aiki. Wani abokin maigidana direban tasi yana yawan cewa shi bai je jami'a ba don me harajinsa zai biya wa wasu, ina jin maganarsa kuma bana raina ta. Abin da nake gani shine da majalisa ta zauna ta yi dokar rage ruwan na dindindin da yafi wannan ja-in-ja amfani, don mafi yawan waɗanda na sani ba uwar kuɗin ke kashe su ba, ruwan ne, mutum ya shekara takwas yana biya ya duba yaga bashin na nan inda yake.

Ranar 1 ga Satumba 2023 ruwa ya dawo, Oktoba aka fara biya. A tsakanin nan an maida bashina hannun wani kamfanin karɓa daban, wasiƙunsu na ta zuwa tsohon imel ɗin da na daina buɗewa, na yi awa biyu a layin waya kafin in samu mutum. An ba da shekara guda har ƙarshen Satumba 2024 da ba za a ɓata wa wanda ya makara suna wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin yadda mutum ke biyan bashi ba, amma ruwan bai tsaya ba. Abin da na ajiye na tura shi a ƙarshen Agusta, kwana kaɗan kafin ruwan ya dawo, na koma asibitin da ba na riba ba, yanzu duk shekara ina kai fom ofishin ma'aikata su sa hannu in tura, in shiga in ƙirga watannina da idona.

A 2024 ƙanina da ke jami'a a gida ya kirani yace Yaya an buɗe NELFUND, bashin ɗalibai na gwamnatin Najeriya, ance ba ruwa, in cike? Nace kar ka taɓa komai tukun, turo min sharuɗɗan duka. Mun zauna a waya muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cira, na sa shi ya ajiye kwafi a imel ɗin da yake buɗewa kullum sannan ya cike.