Ruwan Matan Fada ba shuɗi ba ne

Shekara tara na yi ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi kafin na samu ƙarfin halin rataye aikina a gaban jama'a. Mu shida muka haɗa kuɗi, muka kama wani zaure na kwana uku, muka baje kolin zane-zanenmu. Lokacin hunturu ne, ƙura na shigowa ta kowace kafa. Wanda ya yi aiki da fentin mai a cikinmu ya ga takansa, don nasa bai gama bushewa ba ƙura ta manne masa.

Babban zanena na bikin kamun kifi na Argungu ne, wanda ake yi a kogin Matan Fada. Wata biyu na yi a kansa: masunta cunkus, ga gora, ga homa, ruwa shuɗi shar kamar sararin sama. Mutane suna tsayawa su ɗauki hoto da waya, ni kuwa raina fes.

Rana ta biyu wani dattijo ya shigo, jikansa ɗalibina ne ya jawo shi. Bakabe ne, masunci tun tasowarsa. Ya daɗe tsaye gaban zanen, hannu a baya. Can ya juyo.

"Malam, wanga ruwa na wace ƙasa na?"

Na ce, "Matan Fada ne, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce in dubban mutane suka faɗa kogin lokaci guda, laka ke tashi daga ƙasa, ruwan ya koma kamar kunu. Sai ya nuna masuncin da na zana a tsakiya, wanda na ɗora kan gora yana zaune. Ya ce ba a zama a kanta, kifa ciki ake yi, bakinta na sama don zuba kifi, hannu biyu kuma kowanne da homarsa. Har ya ɗan sunkuya ya gwada mini da jikinsa, a nan cikin zauren.

Ban iya cewa komai ba, don na san inda na samo ruwan nan. Daga hoton wata kalanda na kwafo shi, na ƙara masa shuɗi saboda haka na ga ana zana kogi a littattafai. Argungu kuwa tafiyar awa guda ce daga gidana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk shekara ina koya wa yara labarin ɗaliban Zariya na 1958, su Uche Okeke, Yusuf Grillo, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma abin gida za su zana da idon gida. Ina rubuta sunayensu a allo, ina kawo su a jarrabawa. Ashe haddace su kawai na yi.

Wata abokiyar aikinmu, da ba ta zana mutum ko dabba saboda fahimtarta ta addini, adon bango da dagi kaɗai ta kawo. A gaban nata dattijon ya yi murmushi, ya ce irin wanga ne a ɗakin uwarsa.

Bayan an tashi na tafi Argungu da ƙaramin littafi da fensir, na kwana huɗu. Na leƙa gidan tarihi na Kanta na duba tsofaffin kayan kamun kifi, sauran lokacin duk a bakin kogi na yi shi. Na ɗebo lakar wurin a leda, na shafa ta a gefen allon haɗa launi. Yanzu da ita nake auna ruwan ƙasar da nake haɗawa, kuma har yau nawa yana fin nata ja kaɗan.