Juyin da ya zaunar da ni a benci

Jiya na mayar da rigata mai lamba takwas bayan kaka uku a ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa. Tunda na bar wurin, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa, ko wani mai tasowa ya tsinci abin amfani.

Wata huɗu na kwashe ina koyon juyin nan na Johan Cruyff, shahararren ɗan ƙwallon Holan. Duk wanda ya ga bidiyon ya san shi: gasar cin kofin duniya ta 1974, a Dortmund, Holan da Suwidin. Jan Olsson, mai tsaron bayan Suwidin, ya manne masa a gefen hagu, Cruyff ya ɗaga ƙafar dama kamar zai buga, sai ya jawo ƙwallon da cikin ƙafar ta bayan ta hagu, ya juya ya yi gaba, ya bar Olsson yana neman inda ta shiga. Kullum in an tashi daga tirenin sai in tsaya ni kaɗai, in ajiye takalmi ɗaya a matsayin mai tsaron baya, in yi ta maimaitawa dama da hagu har idon sawuna ya kumbura. Kocinmu da bakinsa ya ce in dage, wai ɗan tsakiyar da bai iya juyawa da ƙwallo ba kaya ne a kan ƙungiya.

Ranar da abin ya faru muna gaba da ci ɗaya da nema, saura minti shida a tashi. Golanmu ya gangaro min da ƙwallo ina fuskantar ragarmu, taku kaɗan daga yadi na sha takwas. Ina jin numfashin ɗan wasansu a ƙeyata. Na ɗaga ƙafa, na jawo, na juya. Wallahi juyin ya fita tsaf, wanda ke bayana har sai da ya dafa ƙasa. Amma na juya ne na faɗa kan na biyunsu, wanda ko sau ɗaya ban ɗaga kai na gan shi ba. Ya ɗauke ta, taɓawa biyu sai raga. Kafin mu dawo hayyacinmu sun ƙara, aka fitar da mu daga gasar.

A ɗakin canza kaya, gaban kowa, koci ya nuna ni da yatsa: "Kai, wa ya aike ka? An ce maka nan wurin nuna gwaninta ne?" Wasa tara na yi a benci. Laifi nawa ne, ban taɓa musawa ba. Abin da har yau yake ci min rai shi ne mutumin da ya sa ni koyon juyin bai taɓa gaya min inda ake yin sa ba, kuma a wasanni taran nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Golan da ya ba mutum ƙwallo da abokin hamayya manne a bayansa kuwa, ko uffan ba a ce masa ba.

Kyaftin ɗinmu ne, wanda ya girme ni da shekara kusan goma, ya ja ni gefe wata rana. Ya ce, "Ƙanina, ƙafarka ba ta yi laifi ba. Wuyanka ne bai juya ba." Ya sa na sake kallon bidiyon, ya ce in daina kallon ƙafar Cruyff, in duba inda yake tsaye. Can kusa da ragar Suwidin, a bakin layi. Da an ƙwace, ’yan wasan Holan na nan reras a baya. Ya ce yanka taku biyu kawai take saya maka, na daƙiƙa ɗaya, kuma in ba ka san inda za ka kai ƙwallon ba tun kafin ta iso ka, taku biyun nan na wani ne. Sati uku yana jefo min ƙwallo yana ɗaga yatsu a bayana, sai na waiga na faɗi ko nawa ne kafin in taɓa ta.

Sauran na tsince su da kaina. Ƙugun mai tsaron baya ake kallo. Da zarar ya ɗora nauyinsa kan ƙafa ɗaya, an gama da shi, kamar yadda Messi ya kayar da Boateng, mai tsaron bayan Bayern Munich, a 2015 da ja ɗaya tak. A shiga a hankali, a fita da gudu. Kafaɗa da ido su yi ƙaryar tare da ƙafa. Kada a yi wa mutum ɗaya yanka iri ɗaya sau uku.

Wasana na ƙarshe an sako ni saura minti goma sha biyar. Ƙwallo na tahowa na waiga sau biyu, na ga bayan mai tsare ni wayam har bakin yadinsu. Na juya, na tura wa lamba tara, ya zura. Kyaftin ya rugo ya rungume ni. Koci ya duƙar da kai yana rubutu a takardarsa.