Abin da lagireton wata tsohuwar Fijo ya koya mini

Ina cikin shekarata ta huɗu ta koyon kanikanci a wani gareji a nan Sakkwato lokacin da maigidana ya fara sakar mini aiki in yi ni kaɗai. Motar da aka kawo Fijo 504 ce, doguwar nan da ake jigilar fasinja da ita zuwa Illela, cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Lagiretonta na tagulla ya sha faci har ya gaji, direban kuma ya ce a canza shi gaba ɗaya. Na je wurin masu kayan gyara na dawo da sabo na alminiyam mai tankin roba, marar nauyi, yana ƙyalli, ga kuma araha. Na ɗaura shi, na tayar da injin a inuwar gareji, allurar zafi ta tsaya inda ya kamata, na sallami direba da kwanciyar hankali.

Bayan kwana uku aka jawo motar da igiya. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin garinmu kan haura digiri 40, motar kuwa maƙare take da mutane da kaya, sai ruwanta ya tafasa a hanya har gasket ɗin kan injin ya ƙone. Maigida bai ɗaga murya ba. Ya jera tsohon lagireton da sabon a ƙasa, ya ce, "Ɗana, leƙa cikinsu ka hwaɗa min mi kag gani." Na ce, "Maigida, tsohon layi uku gare shi, sabon kuwa ɗaya ne."

A ranar na gane cewa ainihin lagireto shi ne cikinsa, wato jerin siraran bututun da ruwan zafi ke bi da ƙananan faifan ƙarfen da ke tsakaninsu, waɗanda iska ke ratsawa ta kwashe zafin. Wanda na saya zai iya wadatar da ƙaramar mota mai zirga-zirga a cikin gari, amma ba zai iya da injin lita 2 mai jan kaya a tsakar rana ba, kuma gwajin da na yi a inuwa, injin yana silo, bai nuna mini komai ba. Ba ina cewa alminiyam ba shi da kyau ba ne. Bututunsa sun fi na tagulla faɗi, don haka mai layi biyu na ƙwarai kan yi aikin mai layi uku. Abin dubawa shi ne kaurin cikin da faɗinsa da yawan faifansa. Duk da haka, ga tsohuwar mota a ƙasa irin tamu, na fi karkata ga na tagulla, domin idan ya huje ana like shi da dalma, idan ya toshe ana buɗe tankinsa a zura masa waya a wanke, alhali tankin roba idan zafi ya cinye shi ya tsage, da wuya facinsa ya daɗe.

Tun daga lokacin ba na zuwa saye sai da tsohon a hannu da abin awo a aljihu. Ina auna tsawo da faɗi da kauri, in duba gefen da bakunan tiyo suke da girmansu, da ramukan ƙusa, da tazarar da za ta rage tsakaninsa da fanka. Idan motar mai giyar atomatik ce, dole in tabbatar akwai bakunan nan biyu na sanyaya man giya.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin in koya shi ne tambayar abin da ya kashe tsohon. Sau da yawa ruwa ne. Ƙasarmu akwai dutsen da ake yin siminti da shi, kamar yadda masana'antar Kalambaina ta shaida, kuma ruwan wasu rijiyoyi yana barin farin ɓawo irin wanda ake gani a butar shayi. Wannan da tsatsa su ke toshe bututu a hankali, ƙurar hunturu kuma ta like faifan ta waje. Wanda ya ɗaura sabo bai wanke injin ba, bai kuma zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya ba, zai sake dawowa da matsalar. Murfi ma ba abin rainawa ba ne, domin ruwan da ke tafasa a digiri 100 a fili yakan kai wajen 120 a ƙarƙashin murfi mai riƙe matsi na "bar" ɗaya ("bar" ma'aunin matsi ne). Murfin da ya saki yana sa mota tafasa ko da lagireton lafiyarsa lau, wanda ya fi ƙarfin motar kuma yana fasa tsofaffin tiyo, shi ya sa nake bin lambar da ke kan na asali.

Ita Fijon, mun kai tsohon lagiretonta wurin mai gyaran lagireto, ya cire tankunan tagullar ya haɗa su da sabon ciki mai layi uku. Na biya kuɗin gasket daga ɗan abin da nake tarawa, sannan maigida ya sa na shiga motar tare da direban, da kaya cike, muka je Illela muka dawo ana tsakiyar azahar, idona a kan allurar zafi har muka iso gareji.