Kafin ka ba shugaban sikawut maki, ka taɓa zama a filinsa?

Yanzu da na ajiye aikin duba manyan da ke jagorantar 'yan sikawut, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke asarar mutanen kirki ranar fareti. Babba ya zo daga ofishi, an jera yara a rana, an sara masa. Ya bi layi ya ga wasu babu ƙyallen wuya, wasu da silifa, ya nemi rajista aka ce tana gida. Sai ya juya kan shugaban rukunin, malamin firamare mai iyali, ya wanke shi tas yara na ji, ya koma mota ya cika fom. Malamin ba zai ce uffan ba, zai ma raka shi da "Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe." Asabar mai zuwa sai ya aiko yana da ɗaurin aure, ta gaba ta'aziyya. Kafin zangon karatu ya ƙare rukunin ya watse, babban kuwa ya rubuta cewa malamin dama ba shi da kishi.

Ma'aikaci yana haɗiye faɗa saboda albashi. Mai aikin sa kai ba ya karɓar komai sai girman da yara ke ba shi, kuɗin mota ma daga aljihunsa yake fita, sau da yawa har igiya da auduga da bandejin akwatin taimakon gaggawa. Idan ka zubar masa da wannan girman a gaban yaransa, ba ka bar masa dalilin dawowa ba. Makin da aka ba shi kuma bai auna aikinsa ba. Kaki da takalmi aljihun iyaye suke nunawa.

Tsarin da ya dace ba sabo ba ne. Tun 1990, a babban taronta na Paris, ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da tsarin kula da manya masu aiki a cikinta, kuma matakinsa na farko ya haɗa da yarjejeniya tsakanin ƙungiya da wanda za a naɗa. A Najeriya sikawut ya kafu tun 1915, amma har yau yawancin naɗi a makarantu bai wuce hedimasta ya ce, "Malam, bana kai ne na sikawut." Wanda aka naɗa haka, a kan me za a auna shi? Shafi ɗaya ya isa: wa'adin shekara biyu ko uku, taro nawa a wata, wa zai nema idan ya maƙale, wane horo za a tura shi, wa ke biyan kuɗin mota, da abubuwa uku ko huɗu da za a duba. Abin da ba ya cikin shafin, ba a kama shi da laifinsa.

Sai zuwa fili, aƙalla sau biyu, kuma taron mako na yau da kullum, ba ranar biki ba. Ka sanar da shi za ka zo. Ziyarar ba-zata tsoro kawai take nunawa. Ka zauna gefe da takarda, kada ka karɓi usur. Duba ko yara sun kasu ƙananan rukunoni na mutum shida zuwa takwas, kuma ko yaron da ke shugabantar kowanne yana koyar da wani abu ko kuwa sunan kawai yake ɗauke da shi. Kwatanta sunayen farkon zango da waɗanda suka zo yau, domin yaran da suka daina zuwa sun fi kowane fom faɗin gaskiya. Lura ko duk taron "hagu, dama" ne, ko ana sa makararru tsallen kwaɗo, ko malamin yana ƙirga yara kafin a tashi. Rubuta abin da ka gani da lokacinsa.

Zaman gyara a yi shi cikin makon, nesa da yara, minti 40 zuwa awa ɗaya. Shi zai fara magana: me ya yi daɗi, me ya gagara. Sau da yawa da bakinsa zai faɗi abin da ka zo faɗa. In ka zo naka, kada ka ce "ba ka da tsari", wannan hukunci ne a kan halinsa kuma ba abin da zai yi da shi sai jin haushi. Ka ce, "Malam, ranar Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa biyar saura kwata kai kaɗai ka yi magana, shugabannin yaran suna tsaye. Me zai hana ka ba su igiyar su koyar da ƙulli?" Gyara ɗaya ko biyu, da ranar da za ka dawo ka gani. Yabo kuma ya tsaya da ƙafarsa. In kullum "amma" ke binsa, mutum zai daina jin sa. Idan ya girme ka, kai za ka je wurinsa, ba ka aika a kira shi ba. Idan mace ce, a zauna a ofishin makaranta tare da wata shugabar.

Akwai tambayar da manyanmu ba sa son a sa a fom: "Me ofis ya yi maka alkawari bai cika ba?" A sa ta, a rubuta amsar yadda ya faɗe ta.

Ƙarshen wa'adi hanya uku ce: a sabunta masa, a sauya masa aiki, ko a sallame shi da godiya. Ta biyun ce muka fi mantawa. Wanda hayaniyar yara ke fusata shi zai iya zama gwanin ajiyar kuɗi ko kula da tantuna. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran wannan lallami: lafiyar yara. Dukan yaro, keɓewa da yaro a tanti ko a ɗaki, aika wa yarinya saƙo da dare. Ƙungiyar ta duniya ta amince da tsarin kare yara daga cutarwa a taron Baku na 2017, kuma a aikace ma'anarsa ita ce a dakatar da mutum daga hulɗa da yara a ranar, a rubuta abin da aka ji ba ƙari, a kai wa na gaba da hukumar makaranta, a sanar da iyaye. Ba a sulhunta shi a zaure don wai dattijo ne, ko don shi ya saya wa rukunin ganga.