Gorar ruwan Gwaggo

Ranar farko da aka ce wa Gwaggo ta sha ruwa ta riƙe fitsari kafin a shigar da ita ɗakin gashi, inda ake ƙona sankara da hasken inji, harara ta yi mini ta ce, "Ke 'yar nan, magani muka zo ko horo?"

Ni ma ban gane ba sai da ma'aikaciyar ta zana mana a bayan kati. Bakin mahaifa, inda sankarar take, yana da maƙwabta: mafitsara a gaba, dubura a baya, hanji ya kwanto daga sama, ga ɓargo a ƙashin ƙugu. Hasken injin duk abin da ya ratsa sai ya taɓa shi. To idan mafitsara ta cika, takan ture hanji sama ya kauce. Ta ce, "Mama, yadda kika sha ranar hoton CT, haka za ki riƙa sha kullum, don a kan wannan hoton aka yi awon." Bayan gida kuma a fara zagawa tun daga gida.

Daga nan na zama mai gadin gora. Rabin lita, a duba agogo, a jira. Zama 25, Litinin zuwa Juma'a, mako 5, ga ƙarin ruwan maganin sankara mai suna cisplatin sau ɗaya a mako. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne layi ya yi tsawo bayan ta riga ta sha. Nan za ka ga dattijuwa tana murza carbi tana matse ƙafa.

Duk da haka gudawa ta zo a mako na uku. Muka ajiye yaji da wake da ƙosai, Gwaggo tana mita. Ta so ta huta kwana goma, likita ya hana: ana son a gama komai cikin mako 8, jinkiri sankarar yake yi wa amfani.

Gashin ciki ne ya fi tsorata ta, alhali ni shi ya fi burge ni. Ana kai sinadarin da ke fitar da hasken ta cikin farji har jikin ƙarin, ƙarfinsa na raguwa da ɗan tazara kaɗan, a cusa bandeji ya nisanta mafitsara da dubura.

Gorar tana nan a ɗakinta. Yanzu man ja take zubawa a ciki.