Daga Daura Zuwa Katsina Da Carbin Rosari A Hannu

Ranar wata Asabar ta watan Oktoban 2025 muka tashi daga Daura, mu goma sha takwas a bas guda, galibi mata ne 'yan Zumuntar Mata Katolika, sai katekis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, da matasa uku. Katedral ɗin Waliyyi Martin de Porres da ke Katsina muka nufa, domin shekarar Jubili ce ta bege, shekara mai tsarki da Katolika ke ziyarar ibada, kuma Oktoba watan Rosari ne, addu'ar da ake ja da carbi ana roƙon Uwa Maryamu. Tun da aka yanki Dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishop ke jagoranta, daga na Sakkwato a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ziyarar katedral ta zame mana tafiyar wuni ɗaya. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 80 ne, ta Mashi.

Kafin shida da rabi mun gama lodi. Kayan da ya fi neman kulawa shi ne mutum-mutumin Uwa Maryamu da muka ɗauko. Irin na filasta ba ya son girgiza, kuma tafin hannu da hanci ne ke fara guntulewa. Sai an naɗe hannuwan da tsumma mai laushi tukuna, a lulluɓe jikin da zani biyu, a tsayar da shi cikin kwali, mutum ya rungume shi a cinya. A but ba a sa shi. Kyandir ma haka: zafin Oktoba na lanƙwasa shi kafin azahar, don haka ƙarƙashin kujera ake ajiye shi, nesa da inji.

Da direba aka yi magana tun jajibere, kuma haka ya kamata. Musulmi ne, tasbaharsa na lilo a jikin madubi. Da katekis ya ce, "Malam, za mu yi addu'a a hanya, ka taimaka ka rage rediyo," sai ya kashe shi gaba ɗaya, ya ce ai Nana Maryamu sura guda gare ta a Alƙur'ani.

Jan Rosari a mota daban yake da na coci. Mai ja ya zauna a tsakiya. In ya zauna gaba, ƙarar inji da iska su cinye muryarsa, na baya su riƙa amsawa a makare har addu'ar ta rabu biyu. Carbin yana da 'ya'ya 59. Daga gicciye ake farawa da shaidar bangaskiya, sai Ubanmu ɗaya, A gaishe ki Maryamu uku, Ɗaukaka ga Uba, sannan a shiga gomomi biyar, kowane da asirinsa, wato wani al'amari na rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kai. Mai ja ya faɗi rabin farko, jama'a su ƙarasa. In ba a yi gaggawa ba, minti ashirin zuwa ashirin da biyar ya isa. Gaggawa kuwa ita ce babbar ɓarna: baki na gudu, zuciya tana kasuwa. Shi ya sa Baba katekis ke yin shiru kaɗan bayan ya ambaci kowane asiri, ya ba mutane damar ɗora damuwarsu a kai.

Asabar da Litinin na asiran farin ciki ne, Talata da Jumma'a na baƙin ciki, Laraba da Lahadi na ɗaukaka, Alhamis kuma na haske, waɗanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙara a 2002. Asiri na biyu ya same mu muna ratsa gonakin dawa da ta fara sunkuyar da kai, ga dammunan gero a jingine. Ziyarar Maryamu ga 'yar'uwarta Alisabatu ce: yarinya da ƙaramin ciki ta kama hanyar ƙasar tuddai ta Yahudiya da hanzari, ta zauna kusan wata uku tana yi wa tsohuwa hidima. A ganina babu asirin da ya fi dacewa da matafiyi. Wadda ake roƙo ta san ƙurar hanya da fargabarta. Wata dattijuwa a gefena, Mama muke ce mata, ta sa sunan ɗanta da ke aikin soja cikin niyyar addu'ar, muryarta na rawa, yatsanta bai bar kan carbin ba.

Shingen jami'an tsaro ya katse mu a goma ta huɗu. Dabarar ita ce a danne ƙwayar da aka tsaya da babban yatsa, a yi shiru, in an wuce a ɗora daga nan. Carbin wata ya tsinke, irin na sarƙa ne, zobensa ya buɗe. Na zare ya fi jure tafiya. Ta ƙarasa da yatsun hannunta goma, ba abin da ya ragu.

Bayan Mashi muka yi litanin Maryamu, jerin kirarin da ake yi mata ana roƙonta. Cikin kirarin akwai "Uwar bege", wanda Fafaroma Francis ya sa a 2020 tare da "Uwar jinƙai" da "Ta'aziyyar baƙin haure". Maƙwabta kan tambaya ko bauta mata muke yi. A'a, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Roƙonta muke ta yi addu'a dominmu, ita kuma jagorancinta bai wuce abin da ta faɗa wa masu hidima a bikin Kana ba: duk abin da ya ce muku, ku yi.

Mun shiga Katsina wajen takwas da kwata. Wanda zai karɓi Jibi Mai Tsarki, gurasar da ake tsarkakewa a Mas, ya ajiye ƙosai da kunu awa guda kafin karɓarsa. Ruwa da magani ne kawai ba sa karya wannan azumin. Aka bi layin furta zunubi wurin Fada, aka yi Mas, aka yi addu'a domin niyyar Fafaroma. Sannan muka kwance zannuwan, hannuwa biyu lafiya lau, Fada ya yayyafa wa mutum-mutumin ruwan albarka. Ƙarfe uku muka juya, don kada magariba ta riske mu a hanya.