Baduku a Falmouth, bakin tekun Jamaika

Sana'ata dukanci, kuma inda nake yin ta wani ɗan gari ne a gaɓar arewacin Jamaika mai suna Falmouth, hedkwatar gundumar Trelawny, tafiyar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan gabas da Montego Bay. Aure ne ya kawo ni nan, wannan kuma hirar wata rana ce. Shagon ƙarami ne, ni da yara masu koyo, muna yin takalma fade, jakunkunan mata, alabe, bel, sai tim-tim in an yi oda. Komai ɗinkin hannu ne da basilla da zare mai kaki, ba na sa gam a inda ya kamata a ɗinke, kuma duk abin da ya fita daga hannuna in ya tsinke a dawo min da shi in gyara kyauta.

Mutanen gida in na ce Jamaika sai su fara min maganar rege da masu dogon gashi, to Falmouth ba haka take ba, gari ne shiru-shiru wanda mutanensa ba su kai 10,000 ba, titunansa a miƙe sambal sun gitta juna don da ma zana shi aka yi kafin a gina. An kafa shi a 1769, aka sa masa sunan wani gari na Ingila inda aka haifi gwamnan tsibirin na lokacin, William Trelawny, shi kuma aka sa wa gundumar sunansa. Rake ne ya gina garin, ko in faɗi gaskiya bayi ne suka gina shi, don gonakin raken da ke kewaye duk guminsu ne. Jirage na shigowa da bayi da kayan Turai, su fita da sukari da giyar rake, kuɗi ya yi ta zuba har aka ja wa garin ruwan famfo a wajejen 1799 daga kogin Martha Brae, da wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa tana ɗebo ruwa ana turo shi tanki a tsakiyar gari. Har yau filin sunansa Water Square, kuma ba ɗan Falmouth ɗin da za ka zauna da shi minti biyar bai gaya maka cewa sun riga New York samun famfo ba. Ni ma yanzu na koya, ina faɗa wa kwastomomi kamar kakana ne ya ja bututun.

Abin da ya sa na kamu da son garin shi ne gine-ginen, wataƙila don idon mai aikin hannu ne da ni. Ƙasa dutse ko jan bulo, sama katako, baranda ta leƙo kan titi a bisa ginshiƙai yadda mai tafiya zai samu inuwa, ɗan kasuwa na sayarwa a ƙasa iyalinsa na sama. Wasu bulullukan ma daga Ingila suka zo a cikin jirage don su danne jirgin kar ya yi rawa a teku, in an iso sai a sauke su a loda sukari. Cocin St Peter tun shekarun 1790 take tsaye, kotun garin an gina ta a 1815, gobara ta cinye ta a 1926 aka sake tayar da ita. Kuma abin mamaki talauci ne ya adana su. Da aka 'yanta bayi kasuwar sukari ta faɗi, sannan jirage masu inji suka yi wa tashar girma suka koma wasu wurare, garin ya kwanta barci, ba mai kuɗin da zai rushe tsohon gida ya dasa na siminti, shi ke nan suka tsira. Akwai wani dattijo magini da ke gyaran irin waɗannan gidaje, yakan zo ya zauna a bencina, na taɓa ce masa Baba me ya sa ba ka sa siminti ka huta, ya ce yaro siminti ba ya barin bango ya yi numfashi, ruwa zai maƙale a ciki bulon ya ruɓe, farar ƙasa kawai irin wannan gini ke so. Wallahi sai na ji kamar Baffana ne ke magana a kan fata.

A wajen Baffan na koyi aiki, a cikin birnin Kano. Kafin ya bar ni in taɓa wuƙa sai da na yi ta zirga-zirga zuwa majema ta Ƙofar Wambai ina ɗauko fatu, wai sai hancina ya san warin jima mai kyau da marar kyau. A can na ga yadda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, a kankare shi, a sa ta a ruwan kashin tattabara ta yi laushi, sannan a tsunduma ta a ruwan bagaruwa ana juyawa, a shanya, a shafe ta da mai a yi ta murza. Ja kuma daga karan dafi yake fitowa, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko. Baffa ba ya duba ɗinki ta gaba, juya takalmin yake ya kalli ƙasa, in ya ga taku ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ba zai ce komai ba, wuƙa zai sa ya farke duka ya miƙo maka. Shi ya fara gaya min cewa fatar jar akuyar Sakkwato ce ake haurawa da ita Sahara a kan raƙuma, Turawa su saya a hannun Larabawa su ce fatar Maroko ce. Wannan labarin yana sayar min da jaka fiye da kowace talla.

A nan dole na sake koyon wasu abubuwa don teku ba ta wasa da fata. Iskar gishiri ce dare da rana, ga laima, ka ajiye jaka a lungu mako biyu ka dawo ka tarar ta yi funfuna, ƙarfen bel kuma in na banza ne tsatsa za ta ci shi ta ɓata fatar da ke kusa. Shi ya sa ba na sa kowane ƙarfe sai tagulla, kuma kowace jaka sai na shafe ta da haɗin man kaɗanya da kakin zuma ciki da waje har bakin yanka, in goge da tsumma sai ta ɗauki ƙyalli. Bagaruwa daga gida ake aiko min, in ta yanke akwai wata bishiya a yankin Karebiyan da ake kira dibi-dibi, 'ya'yanta a nannaɗe suke kuma suna jima sosai, tun zamanin da ake fitar da su Turai don wannan aikin. Baƙi kuwa na samu wanda ya burge ni, itacen logwud da Jamaika ta daɗe tana sayarwa masu rini, in ka dafa cikin itacen ka haɗa da ruwan tsohon ƙarfe zai ba ka baƙi mai zurfi da ba ya zuba a farar riga. Fatar akuya ba ta wuya don mutanen nan akwai cin naman akuya, ba biki ba makoki sai an dafa ta da yajin kori, matsalar dai mahautan ba su saba fiɗa don majemi ba, sai su yi ta yanka fatar da bakin wuƙa, sai da na zauna da su na nuna musu yadda ake tura hannu a raba fata da nama.

To yanzu ga inda ke min ciwo. A 2011 aka buɗe sabuwar tashar manyan jiragen yawon shaƙatawa, aka yashe teku aka cike wani ɓangare aka yi gini mai kama da tsofaffin gidajen garin. Jirgi ɗaya kan zo da fasinja sama da 5,000, in ya tsaya ya fi komai na garin tsawo, hasumiyar coci ma a ƙasansa take. Kowa ya yi murna an ce arziki ya dawo. Amma tashar a kewaye take da shinge, shagunanta na ciki, yawancin baƙin kuma daga jirgi sai bas, a kwashe su zuwa magangarar ruwa ta Dunn's River a Ocho Rios ko bakin ruwan Montego Bay, yamma ta yi a dawo da su, garin da suka zo bai ga ƙeyarsu ba. Waɗanda suka fito kuma abin da suka fara cin karo da shi tarin jakunkunan roba ne da aka yo a kwantena daga wata duniya, an buga musu Jamaika da launin kore da rawaya da baƙi, an fesa musu turaren fata. Mutum zai shigo shagona riƙe da irin wannan a leda, ya ɗaga tawa ya ce me ya sa taka dala 60 ga wannan na saya 15. Ba na faɗa, sai in karɓi tasa in nuna masa bakin yankan, zai ga yadi ne a ciki an shafa masa roba, in miƙa masa tawa in ce shinshina. Wasu su gane, wasu su ce to ka bar min 20. Albarka kawai nake cewa a zuciyata, in yi murmushi in mayar da ita kan ƙusa.

Kuma fa ciniki ba baƙona ba ne, a kasuwar Kurmi ta Kano na tashi, na san mai tayi na san mai raini. Ranar Laraba nan ma ana cin babbar kasuwa da suke kira Bend Down, kaya a shimfiɗe a ƙasa sai ka sunkuya ka zaɓa, 'yan kasuwa na zuwa daga ko'ina a tsibirin, matan nan masu sayar da doya da ayaba in suka ja farashi da kai sai ka yi gumi, amma sun san darajar abu. Su ne ma kwastomomina na gaske, mace za ta sayi fade ɗaya ta yi shekaru tana taka shi a rana da ruwa, ta kawo a sake masa ƙasa. Doyar Trelawny kuwa rawaya ce, kuma a nan kowa ya yarda ita ce sirrin gudun Usain Bolt, wanda ɗan ƙauyen Sherwood Content ne a cikin gundumar nan, ya yi sakandare a makarantar William Knibb da ke bakin gari. Kar ka kuskura ka musa musu zancen doyar.

Shi William Knibb ɗin limamin cocin Baptis ne Bature da ya zauna a Falmouth yana yaƙi da bauta. Bayan boren bayi na ƙarshen 1831 wanda Sam Sharpe ya jagoranta, masu gonaki suka huce a kan cocinsa suka rushe ta, shi kuma ya tafi Ingila ya yi ta yawo yana tona asirin abin da ake yi a gonakin rake. An soke bauta a 1834 amma aka ce sai bayin sun ƙara wasu shekaru suna aiki wai koyon zaman 'yanci, sai daren 31 ga Yuli 1838 abin ya ƙare gaba ɗaya, mutane suka cika cocin suna jiran sha biyun dare, da gari ya waye aka sa sarƙa da bulala da ƙarfen wuya a cikin akwatin gawa aka binne. Knibb ya rasu a 1845, kabarinsa na harabar cocin. In na bi ta wajen nakan tuna cewa cikin waɗanda aka sauke a tsibirin nan har da masu karatun allo, akwai Abubakar Siddiku haifaffen Timbuktu da ya yi bauta a Kingston yana rubuta wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci, har aka 'yanta shi a 1834. Shi ya sa in tsohuwa ta shigo ta shafa gafakar da na rataye a bango ta ce daga Afirka kake ɗana, ba na gaggawar sallamarta ko ba za ta sayi komai ba.

Guguwar Melissa ta ƙarshen Oktoba 2025 ta yi wa garin mummunar ɓarna, ta kwashe rufin gidaje da na tsofaffin gine-gine da yawa, kuma gyaran irinsu ba aikin gaggawa ba ne, sai masu hannu irin dattijon nan. Masu kwantena dai ba abin da ya same su, da jirage suka dawo robarsu ta riga kowa fitowa.

In Allah ya kawo ɗanmu Falmouth, ta jirgi ko ta mota, kar ya tsaya a cikin shinge. Ya fito ya taka zuwa Water Square, ya bi Market Street ya kalli barandun nan, in dare ya same shi ya je tafkin da ke gabas da gari inda Martha Brae ke shiga teku, ruwan na walƙiya in an motsa shi saboda wasu ƙananan halittu da ke ciki. Ya tambayi masu tasi ina Ba'afirken nan mai ɗinkin fata, za su nuna masa. Ina auna ƙafa da safe a karɓi fade kafin jirgi ya tashi in ba layi, tim-tim kuwa sai an ba ni lokaci don ba na cusa masa tsumma. Gyara ma ina karɓa ko ba ni na ɗinka ba, in dai fata ce, ta roba kam a mayar wa wanda ya sayar.